Jar Safa da Gyaɗar da Ta Gagari Taɓarya

Shekarun baya can, ina 'yar aji ɗaya a sakandare, na yi sallama a wani falo a Sabon Gari ranar Kirsimeti, sai idona ya sauka a kan wasu safa. Jajaye ne, dogaye, na zaren ulu, an rataye su a jere jikin ƙarfen taga, kowacce ta yi tim kamar ta ci ta ƙoshi. Na tsaya da langar cincin a hannuna ina kallonsu. Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne: ikon Allah, mutanen nan a falo suke shanya, kuma ranar bikinsu.

Gidan su ƙawata ne, wadda muke zama benci ɗaya a makaranta. Mahaifiyarta nas ce a asibitin haihuwa, kowa Madam yake ce mata. Ibo ce, amma a Kano aka binne cibiyarta, in tana magana ta bayan labule sai ka rantse 'yar Fagge ce. Ita ta karɓi haihuwarmu duka, tun daga yayata har autanmu, daga nan suka ƙulla da mahaifiyata. Mahaifiyata kuwa daga nesa aka auro ta, ba ta da kowa nata a Kano, don haka Madam ce ta zame mata 'yar'uwa. Da Sallah langa ta tashi daga gidanmu zuwa Sabon Gari, da Kirsimeti ta dawo cike da shinkafa da kaji. Kajin ma mijin Madam, wani kafinta mai yawan dariya, har ƙofar gidanmu yake kawo su mahaifina ya yanka, don mu ci hankali kwance.

Abin da ba a taɓa yi ba shi ne a bar ni in je can in wuni. Kakata, mahaifiyar babana, wadda duk gidan muke ce wa Inna, ita ce ta hana. A wurinta Sabon Gari wata ƙasa ce daban, ko da yake daga gidanmu na Fagge in ka taka kaɗan ka isa. Waccan shekarar mahaifiyata ta yi ta lallaɓa har mahaifina ya yarda, bisa sharaɗin in dawo kafin magariba. Inna ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce to ba. Ta dai bi ni da kallo har na fita zaure.

Yanzu sai in gaya muku wace ce ni a lokacin, don ku fahimci abin da ya biyo baya. Yayata tana karɓo littattafan soyayya na haya, ta ɓoye su a ƙarƙashin katifa, ni kuma in bi bayanta in sace su in cusa a tsakiyar littafin lissafi. Na karanta har na daina ganin duniya yadda take. In mai kayan miya ya yi mini gyara, sai in fara tunanin ko ɗan sarauta ne ya ɓad da kama. Na iya ajiyar zuciya iri-iri. Na san yadda ake sunkuyar da kai ana wasa da gefen mayafi. Abu ɗaya kawai ya rage mini, wanda zan yi wa.

To a falon nan na same shi. Yayan ƙawata ne, babban ɗan Madam, ya dawo hutu daga makarantar kwana. Dogo ne, siriri, marar magana, ga zara-zaran gashin ido. Duk wunin nan bai ce mini komai ba, ni kuwa na san daga littafi cewa shiru shi ne babbar alama.

Bayan mun ci abinci yaran gidan suka ruga taga, kowa ya ciro safarsa ya zazzage a tabarma. Lemon zaƙi, alewa, balan-balan, sai kuma can ƙarshe wasu 'yan ƙwallaye masu ruwan ƙasa, sumul, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Ƙawata ta ce mini gyaɗar Kenya ce, ƙanin mamansu da ke koyarwa a can shi yake aiko musu da ita sau ɗaya a shekara, kuma sai an gama abincin yamma babansu yake fasa musu. Sai da na girma na ji ashe sunanta makadamiya. Safa ɗaya ta rage a jikin tagar, ba wanda ya taɓa ta, ni ma ban tambaya ba.

Da la'asar ta yi sanyi na yafa mayafina zan tafi. Ina bakin ƙofa ina neman takalmina sai ga yayan ƙawata. Ya miƙa hannu ya ciro safar nan da ta rage, ya zo ya tsaya a gabana.

"Ga taki," ya ce.

Jama'a, ni dai ban san a duniyar da nake ba. Ya ci gaba da wani dogon bayani, yana nuna mini da hannu kamar mai kafa ƙusa, amma ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnena ba, ina can ina kallon gashin idonsa. Na karɓi safar da hannu biyu, na sunkuyar da kai, na yi wasa da gefen mayafi yadda na koya.

A gida na ba ƙannena lemon da alewar. Safar da gyaɗar kuwa na ƙulle bakinta na tura ƙarƙashin matashin kaina. Daga ranar na shiga aikin soyayya gadan-gadan. In aka zuba mini tuwo sai in tsakura in ture. In aka aike ni sayen maggi in dawo da ashana. Na ƙona miya, na bar famfo yana zuba. In zauna a gindin bishiyar darbejiyar tsakar gidanmu in zuba tagumi ina murmushi ni kaɗai. Har sunayen 'ya'yanmu na zaɓa. Matsalar addini ma na warware ta a raina, don a littattafan nan irin wannan ba ta wuce babi guda.

Na manta da abu ɗaya: a ɗakin Inna nake kwana.

Wata safiya ina wanke-wanke na ji salati daga ɗakinta, irin wanda ake yi in an ga maciji. Muka ruga ni da mahaifiyata. Muka tarar da ita tsaye a tsakar ɗaki, ta ɗaga matashin kaina da hannu ɗaya, ɗaya hannun a ƙirji.

"Kawo mini muciya," ta ce wa mahaifiyata. "Kada wanda ya taɓa."

Da muciya ta sakato safar, ta fito da ita tsakar gida tana lilo, ta yar a ƙasa. Ta sa mahaifiyata ta kwance ƙullin da tsinke. Ƙwallayen suka gangaro.

"Ke ja'ira, wa ya ba ki wannan?"

"A gidan Madam ne, Inna. Gyaɗa ce."

"Gyaɗa." Ta juya ta dubi mahaifiyata. "Kin ji ko? Ni da na yi noman gyaɗa tun uwarki ba ta san za ta haife ki ba, yau ni za a nuna wa gyaɗa. Wa ya miƙa miki a gidan?"

Na hau kame-kame. Ta sake tambaya. Na ce yayan ƙawata ne, kuma don tsautsayi sai da na sunkuyar da kai.

"La'ilaha illallahu! Namiji! Jan ƙyalle, an ƙulle baki, an ce ta sa a ƙarƙashin kai. Shi ya sa yarinya ta daina cin abinci, tana zaune tana yi wa bishiya dariya. Ni dama na san ba lafiya ba. An gama da ita!"

"Inna, ba wanda ya ce in sa a ƙarƙashin kai."

"Yi mini shiru, ai ba ke ce ke magana ba."

Mahaifiyata ta durƙusa ta ce a hankali, "Inna, ko a fasa a gani? Wataƙila wani abin ci ne na can wajensu."

Aka kawo turmi. Mahaifiyata ta jefa guda ɗaya, ta ɗaga taɓarya ta sauke. Ƙwallon ya yi tsalle ya fice daga turmin kamar harsashi, ya daki murfin tukunya, ya gangara ƙarƙashin randa. Aka ɗauko shi, ko ƙwarzane babu. Aka sake, ya sake ficewa. Aka ɗora shi a dutsen niƙa aka buga da ɗan dutsen, ya sulale ya bar mahaifiyata tana yarfe yatsa. Inna ta sa gefen zaninta ta ɗauki ɗaya, ta kai kunne ta girgiza.

"Akwai abu a ciki yana motsi." Ta juya shi, ta ga wani ɗan farin ɗigo a jikin ɓawon. "Kun gani? Har ido gare shi. Abin da taɓarya ta kasa fasawa, wane ɗan Adam ne zai ci?"

Kafin azahar na sha hayaƙin habbatus sauda har na yi ta tari, na sha rubutu kofi guda, an tofe ni ciki da waje. Da mahaifina ya dawo daga aiki, tun bai cire hula ba Inna ta zaunar da shi ta yanke hukunci. Ni da Sabon Gari har abada. Langar gidan Madam ba za ta sake shigowa gidan nan ba, tamu ma ba za ta je ba. A makaranta kuma a raba mana benci.

"Inna," mahaifina ya ce yana murza goshi, "matar nan fa ita ta karɓi haihuwar yaran nan duka."

"Shi ya sa ta san ta inda za ta kama su."

Ba ya musu da mahaifiyarsa, bai kuma fara ranar ba. Ni kuma gaskiyar tana bakina amma ta ƙi fita. In ce ba asiri ba ne, ni ce na ɗora wa kaina son ɗan mutane? A gaban babana? Gara a ce an yi mini sammu sau goma. Sai da na shiga kicin na tarar da mahaifiyata tana tankaɗe, hawaye na sauka a kan rariyar. Ni wasan littafi nake yi, ita kuwa mutum ɗaya tilo da take da shi a garin nan za a raba ta da shi.

Abin da ya cece mu shi ne ilimin Inna game da asiri. Da mahaifina ya ce to a ƙona abin a huta, sai ta ce a'a, irin wannan ba a ƙona shi, ba a binne shi, hannun da ya bayar ake mayar wa, ido da ido. Kuma ba za ta aiki kowa ba, da ƙafarta za ta je.

Washegari da hantsi muka tari tasi, ni da ita da mahaifiyata. An saka safar a baƙar leda, an saka ledar a cikin wata ledar. Inna ta ce wa direba ya buɗe but ɗin mota.

"Hajiya, wannan 'yar ledar? Ai ko a cinya kya riƙe."

"Ɗan nan, in kana son motarka da lafiya ka yi abin da na ce."

Ya dube ta, ya dubi ledar, ya buɗe but da sauri, har da bismillah. A cunkoson shataletalen Bata Inna ba ta ɗaga kai ta kalli kowa ba, carbinta kawai take ja. Mahaifiyata ta riƙe hannuna.

Mun tarar da Madam a baranda da ɗaurin zani tana tsince shinkafa. Da ta ga wadda ke gaba, ta ture farantin ta miƙe da murna, ta rusuna har ƙasa.

"Mama! Yau ke ce a gidana? Lale marhabin! Ke, kawo wa Mama kujera, kawo ruwa mai sanyi."

Ƙawata ta kawo kujera da ruwa. Inna ta zauna a bakin kujerar, ruwan kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Ta yi mini nuni da haɓa, na zazzage ledar a gaban Madam.

"Baiwar Allah," in ji Inna, "me muka yi miki? Shekara da shekaru kina cin namu muna cin naki. In yarinyar kuke so wa ɗanku, ai baki gare ku, sai ku faɗa mu ce muku a'a. Sai a bi ta da ƙulli?"

Na ga murnar fuskar Madam ta tafi a hankali. Ta dubi safar, ta dubi Inna, sannan ta dubi mahaifiyata, ta daɗe tana dubanta. Mahaifiyata ta kasa ɗaga kai. Wallahi a lokacin na ɗauka shi ke nan, za ta ce mu tashi mu bar mata gida, kuma da ta faɗa ba wanda zai ga laifinta.

Sai Madam ta ja numfashi ta ce wa ƙawata, "Je ki shagon babanki ki ce ya ba ki guduma."

A simintin barandar akwai wani ɗan rami da bai fi bakin kwalba ba. Madam ta durƙusa, ta zaunar da gyaɗar a ciki, ɗan farin ɗigon yana sama.

"In ba a sa ta a rami ba guduwa take yi," ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba.

Ta ɗaga guduma ta sauke sau ɗaya. Ƙas! Ɓawon ya rabe biyu, ga wata farar ƙwaya a kwance, mulmulalliya, fes da ita. Madam ta jefa a bakinta ta tauna. Ta fasa ta biyu, ta kira autanta da ke leƙe ta bayan labule ta sa masa a baki. Ta fasa ta uku, ta ɗora a tafin hannunta, ta miƙa wa Inna da hannu biyu.

"Ni ba ni da haƙoran cin dutse," in ji Inna.

"Wannan ba ta neman haƙori, Mama."

Inna ta dubi yaron da ke tauna yana lumshe ido. Ta jira ko zai faɗi. Da ta ga sai ma miƙo hannu yake a ƙara masa, ta yi bismillah mai ƙarfi, ta ɗauka, ta gutsura kaɗan da gefen baki. Muka zuba mata ido. Bakinta ya motsa, ya sake motsawa. Ta jefa sauran.

"Man shanu suke ɗura mata?"

"Haka Allah ya halicce ta, Mama."

"Uhm." Inna ta gyara zama. "To ita safar fa? Kwano kuka rasa a gidan nan da za ku zuba wa 'yar mutane abinci a abin ƙafa?"

A nan ne Madam ta ɗan yi murmushi. Ta ce tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu, aka kai ta makarantar kwana ta mishan. In Kirsimeti ta zo kowa ya tafi gida, su 'yan kaɗan marasa wurin zuwa su rage. Wata tsohuwar Sista Baturiya ita ke saƙa musu safa, ta rataye a jikin gadon kowacce, ta saka lemo da alewa, wai haka ake yi wa yara a garinsu.

"Tun daga nan na ce in Allah ya ba ni 'ya'ya sai na yi musu. Ba a taɓa sa ta a ƙafa ba, Mama, da kwarashina na saƙa. Kullum huɗu nake ratayewa. Bana da aka ce 'yata za ta zo ta wuni, na ce yaya za a yi 'yan'uwanta su buɗe nasu tana kallo? Sai na saƙa ta biyar."

Mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe fuska. Inna ta ci gaba da juya carbi. Can ta ce, "To in haka ne, me ya hana yarinya cin abinci? Me ya sa take kwana da ita a ƙarƙashin kai tana sauke numfashi kamar mai ciwon ƙirji?"

Duk suka juyo gare ni. Kuma daidai lokacin, don Allah ya gama kunyata ni, sai ga yayan ƙawata ya shigo da bokitin ruwa. Ya ajiye ya gaishe da baƙi.

"Kai ɗan nan, kai ka ba jikata wannan?"

Ya dubi safar, ya yi ɗan tunani. "E, Mama ce ta ce in ciro wa baƙuwa, ni ne hannuna ke kaiwa." Sannan ya dube ni da gashin idon nan nasa ya ce, "Au, ita ce wannan? Sannu. Kin samu gudumar kuwa? Ai na gaya miki sai da guduma."

Ya ɗauki bokitinsa ya wuce. Baƙuwa. Ni da na raɗa wa 'ya'yanmu suna. Ƙawata ta dube ni, ta gane, ta toshe baki da hannu biyu ta ruga ɗaki, ina jiyo dariyarta ta cikin bango. Inna ma ta dube ni ta wutsiyar ido, kallo mai tsawo, na san ta karance ni tas. Na jira ta tona ni.

"Kwaɗayi ne," ta ce wa Madam. "Tun tana goye haka take, in ta samu abu sai ta ɓoye wa 'yan'uwanta." Ta yi gyaran murya. "Ina ruwan nan da aka kawo? Maƙogwarona ya bushe."

Inna ba ta taɓa ba wani haƙuri da baki ba a iya sanina. Amma ta shanye ruwan nan tas, ta nemi ƙari, ta zauna har aka sauke shinkafa ta ci, ta sa wa yaran gidan albarka ɗaya bayan ɗaya. Madam ta fahimta, ba ta kuma nemi fiye da haka ba. Da za mu tafi Inna ta sunkuya da kanta, ba muciya, ta ɗauki safar ta cusa a jakarta. Ta ce ba a mayar da kwanon mutane fanko.

A tasi ta matso kunnena ta ce, "Ja'ira, duk mazan Fagge ba su ishe ki ba, sai wanda bai san sunanki ba?" Da muka isa gida ta ɗaga katifar yayata ta kwashe littattafan nan kaf. Ashe ta daɗe da sanin inda suke. Bayan 'yan kwanaki kuma ta kira ni ɗaki ta ce in karanto mata ɗaya ta ji abin da ke haukata mu. Ba mu tashi ba sai da muka kai ƙarshe, tana ta yi wa saurayin ciki faɗa.

Da Babbar Sallah ta zo, Inna ta ƙunshe soyayyen nama a leda, ta haɗa da dabino da aya, ta ɗura a safar har wuya, ta ba ni ta ce in kai wa 'yarta ta Sabon Gari. Ni kaɗai, ba rakiya. Haka safar nan ta yi ta kai da kawo tsakanin gidajen biyu har Inna ta koma ga Allah. Kowace Kirsimeti kuwa kasonta na gyaɗar Kenya daban ake ware mata, a fashe, kuma ba ta ba kowa ko ɗaya.

Yau in na tuna, dariya nake yi, amma akwai wurin da dariyar ke tsayawa. Wurin da Madam ta yi shiru tana duban mahaifiyata. An zo har gidanta an kira kyautarta sammu, tana da duk hujjar da za ta yi fushi, sai ta aika a kawo guduma. Na girma na ga zumunci da yawa ya mutu a kan abin da bai kai wannan ba, don ba a samu wanda zai taka ya je ya tambaya ba, ko wanda zai daure ya ba da amsa. Inna ta je, da zarginta da komai, Madam kuma ta daure. Mahaifiyata da Madam suna nan har gobe, sun tsufa tare, kullum suna waya suna gulmar ciwon gwiwa. Ni kuma ban daina karanta littattafan soyayya ba, kada ku ɗauka na shiryu. Na dai koyi sauraron abin da mutum yake faɗa kafin in kalli idonsa.

Shi kuwa yayan ƙawata, Fada ne yanzu a wata coci can kudancin Kaduna. Ba mata, ba 'ya'ya, sai sanƙo da ɗan tumbi da tabarau mai kauri. Bara ya zo duba Madam, na je gaishe ta da maigidana da yarana muka haɗu. Ƙawata, wadda har yau ba ta iya riƙe magana ba, ta zauna ta kwashe labarin nan kaf ta gaya masa a gaban kowa, har da sunayen 'ya'yan. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share hawaye da hannun farar rigarsa.

"Haba Hajiya," ya ce, "ai da kin yi magana, da coci ta yi asarar Fada guda."

Na ce, "Allah ya taimaki coci, Fada. Ni ma ya taimake ni."

Maigidana ya ce amin da ƙarfi, har sau biyu.